Gadar Gwamna

Tun shekarar da kogi ya ci Enoch, ubansa Absalom Treloar ba shi da zance sai na raba ƙasa. Saurayin ya shiga ruwa da amalanke da damina saboda babu gada, kuma babu gada ne saboda harajin arewa duk kudu yake gangarawa ya zama fitilun titi a Brisbane, babban birnin ƙasar. Haka Absalom ke faɗa a maƙerarsa, yana dukan ƙarfe kamar wuyan ɗan majalisa ne.

Da aka sassaƙa dutsen kabari ya hana a rubuta sunan ƙasa, ya ce a bar gurbi sai ranar da Sarauniyar da ke mulkinsu daga Landan ta yanka wa arewa tata ƙasar da nata gwamnan. Ya kuma rantse a bainar jama'a cewa ƙafarsa ba za ta taka abin da 'yan kudu suka gina ba. Matarsa Keziah dai ta ci gaba da kai furanni kabarin ranar Lahadi.

Mutanen garinsu, Kilgarrie, ba su da wuyar zuga, balle in akwai giya. Aka kafa ƙungiya, aka rubuta koke, kowa ya sa hannu, aka naɗe shi a cikin gwangwani. Sai Dougal Macrae mai kanti, wanda ya taɓa aikin akawu, ya tuna musu cewa a ƙa'ida koken talakawa ta hannun gwamna yake bi kafin ya isa Landan. Aka yi masa caa.

"Haba Dougal," in ji Absalom, "mutum ya sace maka saniya, sannan ka ba shi ƙarar ya kai maka wa alƙali?"

Aka kwashe da dariya, kuma dariyar ce ta yanke magana. Aka zaɓi Absalom ya kai da hannunsa, tunda ya fi kowa murya ya fi kowa ɓacin rai.

Watanni ya yi a teku yana amai, gwangwanin nan ne matashin kansa. A Landan ya sha zaman benci a ofishin gwamnati har ya san kowane masinja da tarinsa. Daga ƙarshe wani jami'i mai laushin hannu ya shigar da shi, ya ba shi shayi, amma ko murfin gwangwanin bai taɓa ba.

"Dattijo, wannan bai biyo ta hannun gwamnanku ba. Ba ni da ikon karɓa."

Ya yi masa bayani a tsanake: gwamna shi ne idon Sarauniya a can, shi zai nemi ra'ayin ministocinsa, ya haɗa da koken ya aiko. Absalom ya ce ai ministocin nan su ake ƙara. Jami'in ya ce ya sani, amma haka aikin yake. Sai Absalom ya ba shi labarin Enoch, abin da bai yi niyya ba. Mutumin ya ji tausayi, ba na ƙarya ba. Ya tashi ya nemi kogin a taswirar da ke bango, ya yi ta yawo da yatsa bai same shi ba. Wannan ya fi ƙin karɓar koken ƙona ran Absalom.

Bai kai wa gwamna koken ba. Ya komo da kayansa yadda ya tafi da shi, ya sauka a tashar jiragen ruwa ana tsakiyar damina, ya hau amalanken wani ɗan dako. Duk hanya yana tsara abin da zai gaya wa ƙungiya, har suka iso bakin kogi ya ga gada.

Sabuwa ce fil, ta katako da ƙarfe, da allo ɗauke da sunan gwamna. Ɗan dakon ya ce tun da 'yan kudu suka ji wani ya tafi Landan hankalinsu ya tashi, kafin ka ce me sun turo ma'aikata. Ranar buɗewa Dougal ne ya yi jawabi. Ƙungiya kuwa tana nan, sai dai masu zuwa taro ba sa cika benci biyu, su ma gardamar garin da zai zama hedikwata suke yi. Ɗan dakon ya ƙara da cewa mutane na gode wa Absalom ƙwarai.

Absalom ya ce a tsaya. Ya sauka, ya cire takalmansa, ya naɗe wando, ya nufi tsohuwar mashiga inda Enoch ya shiga. Ruwan ya cika ya yi ja, yana jan rassa.

Keziah ta ji labarin zuwan jirgi, tana tsaye a ɗaya gaɓar. Ta tako har tsakiyar gada, ta dafa ƙarfen ta leƙo shi. Ta rame, shi ma ya lura.

"Baban Enoch, ina za ka?"

"Na rantse, Keziah. Kina wurin."

"Ina wurin. Ina wurin kuma da aka tsamo shi." Ta gyara riƙon ƙarfen. "Shekara guda ina share kabari ɗaya ni kaɗai. In ka shiga ruwan nan, ka gaya mini tun yanzu me zan sa a rubuta a naka dutsen, don ni ba zan bar gurbi ba."

Ya daɗe a tsaye, ruwa na dukan ƙwaurinsa, kunya da baƙin ciki sun cika shi. Ɗan dako ya kau da kai ya shiga gyaran igiyar da ba ta kwance ba.

Sannan Absalom ya hauro. Bai mayar da takalman ba. Ya riƙe su a hannu ɗaya, gwangwani a hammata, ya taka gadar gwamna da ƙafa tsirara har inda matarsa take. Ta karɓi takalman, ta bar masa gwangwaninsa.