Karatu na Uku a Mansura

Kafin ya zo Doha aikin gadi, Munzali Auta ya daɗe yana masinja a majalisar dokokin jiharsu, kuma abin bai taɓa sakinsa ba. Shayi yake kai wa 'yan majalisa, amma in ka ji yana bayanin yadda ƙuduri ke zama doka, sai ka rantse shi ya rubuta tsarin mulki. Da korona ta kulle su a gidan haya a Mansura, maza cunkus a ɗaki biyu, sai ya kafa musu majalisa. Ya naɗa kansa kakaki, ya mai da muciya sandar majalisa, ba a zama sai an ɗora ta kan firiji. Da farko wasa ne na rage zaman banza. Sun yi dokar wankin banɗaki, sun yi ta layin cajin waya, aka yi dariya aka wuce.

Sai zafi ya shigo. Kowa na gida, na'urar sanyi ba ta hutawa, mai gidan ya ƙara kuɗin wuta ya ce a raba wa kowane gado, wanda bai biya ba ya kwashe kayansa. A cikinsu akwai Masahudu, direban da kamfaninsu ya ajiye motoci ya daina biyan albashi. Mutum ne shiru-shiru, ko gishiri ba ya roƙa. Kowa ya san ba zai iya ba, kuma in ya rasa gadon nan ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa.

Iliasu, ɗan zangon Kumasi, ya ja Munzali kicin ya ce masu aiki su haɗa kason Masahudu a ɓoye, a miƙa wa mai gida, khalas, shi ke nan. Munzali ya ji daɗin shawarar, don ba mugu ba ne. Amma ya ce wannan haraji ne, kuma ba a ɗora wa jama'a haraji a kicin. Dole a bi ƙa'ida: karatu na ɗaya, na biyu, kwamiti, sannan a kawo shi zaure a kaɗa ƙuri'a. Iliasu ya roƙe shi ko sunan mutumin a sakaya. Munzali ya ce a majalisar gaske ba a taɓa yin haka ba.

Ranar Juma'a bayan sun yi salla a falo, ya gyara murya ya karanta Ƙudurin Harajin Wuta Domin Tallafa wa Masahudu. Mai sunan yana zaune bakin ƙofa yana ɗinke maɓallin riga, bai ɗago ba.

Da mako ya zagayo aka zo karatu na biyu, wato muhawara. Ba wanda ya ƙi. Munzali ya ce ba a muhawara da baki ɗaya, ya naɗa Tanko ɗan adawa. Tanko kuwa ɗan barkwanci ne, ya samu fage. Ya nemi a binciki akwatin mai neman tallafi, ya ce ga agogo nan a hannunsa, kuma jiya da idonsa ya ga ya ci tuwo har da ƙari. Aka fashe da dariya, Munzali yana buga muciya yana kiran oda, daɗi kamar ya kashe shi. Ba wanda ya tuna Masahudu bai nemi komai ba. Shi ma ya yi murmushi, irin na wanda aka taka wa yatsa a sahu, kuma ranar bai sa hannu a tiren abinci ba.

Ranar ƙuri'a, wato karatu na uku, Munzali ya taso daga aiki a Al-Sadd, ya goge kaftani ya sa hula. Iliasu ya ɗaga hannu tun ba a fara ba, Munzali ya ce masa ya bari a gama abin da ke gaba. Ya ce masu goyon baya su ce e, gidan ya amsa baki ɗaya, har da Tanko. Ya juya zai yi wa Masahudu albishir, sai ya ga gado ba katifa. Iliasu ya ce tun da safe ya bi motar kayan lambu zuwa wata gona a Umm Salal. Ya nuna kan firiji, inda agogon ke ajiye, Masahudu ya ce a sayar a biya kasonsa na watan.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" in ji Munzali.

"Na ɗaga hannu, Kakaki."

Kunya ta rufe Munzali har ya kasa sauke muciyar da ke hannunsa. Daga ranar majalisa ba ta sake zama ba, muciya ta koma tukunya. Sau da yawa yakan nemo lambar Masahudu a waya, ya zura mata ido, ya mayar aljihu.

Da gasar cin kofin duniya ta matso, mai gidan ya ce kowa ya tashi, baƙi zai sa. Aka watse, kowa ya kama gabansa. Munzali bai samu wuri ba, kuma bai faɗa wa kowa ba. Yana zaune kan jakarsa a ƙofar gida da la'asar sai ga akori-kura cike da kwalayen tumatir, Masahudu a sitiyari. Ya fito ya gaishe shi da girmamawa, ya ɗauki jakar ya sa a baya, ya ce Iliasu ne ya ce masa a duba shi, yalla su tafi.

Da suka hau hanyar Umm Salal, Munzali ya juyo wajen Masahudu. Haƙuri ya so bayarwa, amma abin da ya fito daban ne. Ya tambaya ko abokan ɗakin Masahudu sun amince da zuwansa.

"Ban gaya musu komai ba, Malam Munzali," in ji Masahudu, idonsa na kan titi. "Ce musu na yi yayana zai zo."