Jagororin Dakta Ruba

Da wani asibiti a Jidda ya fito da shirin jagoranci, wai manyan masu koyon tiyata su riƙa kama hannun ƙannensu 'yan ƙabilun da ba su da yawa a sashen, sai aka duba aka ga mutum uku ne kacal. Biyu sun kusa kammalawa. Ta ukun, Dakta Ruba, shekararta ta farko ke nan. Jikar mahajjata ce, haifaffiyar unguwar Waziriyya, Hausarta rabi Larabci. Sai aka ba ta duka biyun, don kada wani ya ce an hana shi.

Na farko Dakta Mish'al, shi ma Bahaushen Jidda ne, amma in ka gaishe shi da Hausa sai ya waiga kamar da wani kake. Ranar da suka fara zama ya rage murya ya ce, "Ya Ruba, kada a ji Hausa a bakinki a cikin asibitin nan. In an tambayi unguwarku, ki ce kudancin gari, halas, shi ke nan."

Na biyu Dakta Dabo, daga Kano ya zo. Shi kuwa ko mantawa aka yi ba a gaishe shi ba, ƙiyayya ce. Kullum sai ya tare ta a wurin cin abinci.

"Ƙanwata, mutanen nan ba sa ƙaunarmu. Ki buɗe baki ki yi magana, kada ki zama irin wancan mai gudun asali."

Daga nan sai tarihin gwagwarmayarsa, har shayinta ya huce.

Ruba kuwa abin da ya dame ta daban ne. Ƙullin zarenta kwancewa yake yi, hannunta na rawa in an miƙo mata allura. Ta gaya wa Mish'al, ya ce ta fara gyara lafazinta. Ta gaya wa Dabo, ya ce ai da gangan suke tsorata ta. Ranar ɗaukar hoton shirin dai ba wanda ya makara. Suka sa ta a tsakiya, kowa na washe baki kamar shi ya haife ta.

Ana nan sai babban likita ya ce zai bar ta ta cire wa wani mara lafiya afendis da hannunta, muddin jagoranta na tsaye a gefe. Da safe ta wanke hannu ta sa riga. Sai ga su su biyu a bakin famfo.

"Ni aka fara ba ta," in ji Mish'al.

"Kai da ko sunan kakanka ba ka iya faɗa a fili, me za ka koya mata?" in ji Dabo.

Abu kamar wasa, murya ta tashi har cikin ɗakin tiyata, ga mara lafiya an riga an sa shi barci. Babban likita ya leƙo, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yalla, maza a kira mini Layan." Layan ajinsu ɗaya da Ruba. Ita ta yi aikin, Ruba na riƙe da ƙarfen buɗe ciki.

Da aka fito, Mish'al ya ce mata ga irin abin da surutu ke jawowa. Dabo ya ce ai ta gani da idonta, wariya ce ƙiri-ƙiri. Ruba ta juya ta bar su. Ta wuce ofishin shugabar sashen, Dakta Haifa, ta ce a cire ta daga shirin.

"To shirin fa? An riga an kai rahoto sama," in ji Haifa.

"Daktora, ai kina da mutum biyu."

Haifa ta yi 'yar dariya. A makon aka haɗa Mish'al da Dabo, kowa jagoran ɗan'uwansa, da zama dole kowace Talata. Masu wucewa suka ce ɗaya Larabci yake zubawa, ɗaya Turanci.

Ruba ta roƙi Layan, suka riƙa sayen cinyar kaza suna ɗinka fatar a lokacin hutun azahar. Layan ba ta iya lallashi ba, in ƙulli bai yi ba sai ta tsinke shi ta ce a sake. Kafin Ramadan hannun Ruba ya daina rawa, babban likita ya sake ba ta afendis, ta cire shi lafiya.