Daji Ne, Ba Kowa

"Kafin zuwan Alhazai, Tudun Ni'ima daji ne, ba kowa!"

Yara talatin na aji huɗu suka ɗauka da murya ɗaya, suna jan "kowa" ɗin har sai numfashinsu ya ƙare. Malama Ummukulsum ta buga rula a tebur ta ce a sake. Ita ta rubuta darasin da hannunta, bisa umarnin mai makarantar, Alhaji Nafi'u, wanda yake so ranar raba kyaututtuka iyaye su ji 'ya'yansu sun san garinsu. Komai yana ciki: Jega a yamma, Aliero a gabas, shekara goma sha biyar da dillalan albasa suka fara yanka filaye, sannan malaman jami'a suka biyo baya. Makarantu uku, rijiyar burtsatse a kowane layi, sola a kan kowane rufi. Gari ne da ko akuya ba ta yawo a cikinsa sai da dalili.

Ana cikin haka Tabawa ta leƙo ta taga. Matar ɗan Inna Gudiya ce, tsohuwar Bafillatanar nan mai gidan ƙasa ɗaya tilo da ya rage a unguwar, manne da katangar makaranta, yana kallon gidan da Ummukulsum take haya.

"Malama, in kin tashi Inna na son ganinki."

Da aka tashi, Ummukulsum ta sami Inna kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, ƙafafu sun kumbura, fuska ta zube. Suka gaisa.

"Malama, wa yab ba ki labarin ga da yaran ga ka rerawa kullum bisa kaina?"

"Inna, haka anka hwaɗa min."

"Babu kowa? To ni mi ta? Aljana?"

Tabawa ta yi dariya. Ummukulsum ta so ta yi, abin ya ƙi.

"Rugga ta nan, gida tara. Nan anka kawo ni amarya. Ki zo ki zamna in hwaɗa miki, akwai abin da ni ka son ki sani tun ban tahi ba."

"Gobe, Inna, in Allah ya so."

Goben nan sai da ta yi kwana goma sha biyu. Ga jarrabawa, ga gwajin biki, ga Alhaji Nafi'u da ya riga ya kai darasin an buga a takarda mai sheƙi. Amma gaskiyar magana kunya ce ta hana ta. Idan za ta fita da safe, sai ta bi ta bayan masallaci don kada ta wuce ƙofar tsohuwar. Yara kuwa kullum suna rerawa, sautin yana tsallaka katanga.

Ranar Asabar bayan la'asar Tabawa ta buga mata ƙofa, ko mayafi babu.

"Ki zo. Tun Alhamis Hausa ta ɓace mata, Hillanci kaɗai ta ka yi. Ni ɗiyar Sabon Gari ta, ban jin komi. Maigidana Sahabi kau shina hanyar Ikko da mota."

Gudiya na ganinta ta cafke mata wuyan hannu da ƙarfin da ba a zaci ya rage mata ba. Ta fara magana, a hankali, dalla-dalla, kamar mai ba da saƙo ga ɗan aike. Shekara hamsin tana sayar da nono da Hausa, yau ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Tana yi tana nuna katangar makaranta da haɓa. Ummukulsum ta rasa abin yi, sai ta ciro waya ta danna ɗaukar murya. Sunaye uku kawai ta iya tsinta: Ɗantani, Altine, Shatu. Ta dubi Tabawa ko dangi ne za a kira, Tabawa ta girgiza kai, ba ta taɓa jin su ba.

"Inna, ki yahe min," in ji Ummukulsum, hawaye na zuba.

Tsohuwar ta ci gaba da maganarta. Ko ta ji, ko ba ta ji ba, Allah masani.

Washegari da hantsi ta cika. Kafin azahar an kai ta. Alhazan layin sun fito da manyan riguna sun yi mata salla, sun yi abin da ya kamata, sai dai a hanyar dawowa an ji wani yana tambayar wani sunanta.

Mako guda Ummukulsum tana yawo da muryar a jaka. Takan kunna ta tana wanke-wanke, ta kashe, ta sake kunnawa. Tsoronta biyu ne: kada a ce tsinuwa ce, kada kuma a ce wata amana ce da lokacinta ya riga ya wuce. A aji, da yara sun kai ƙarshen jimlar nan sai ta ji wuyan hannunta ya yi sanyi, daidai inda aka riƙe.

Ranar kasuwar Jega ta shiga layin masu nono, ta tsuguna gaban wata dattijuwa mai suna Iklima, daga wajen Giwa Tazo. Ta yi mata bayani, ta kara mata wayar a kunne. Iklima ta saurara da ludayi a hannu. Can sai ta ajiye ludayin, ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ce wa mai jiran fura ya je gaba.

"Wagga ba tarihi tab ba ki ba, Malama. Roƙo na."

"Roƙon mi?"

"Waɗanga da ta kira sunansu, ɗiyanta na, su ukku. Baƙon dauro yak kwashe su damina guda. Mu ba mu kiran sunan ɗan hwari, in kin ji tsohuwa ta kira, to ta kai inda ba ta iya haɗiyewa. Ta ce suna kwance cikin makarantarku, kusurwar gabas, inda anka kahwa lilo."

Ummukulsum ta dafa ƙasa.

"Ta ce ba ta hana wasa ba, yara na. Amma ki ce musu su rage dira da ƙarhi in sun sabko. Ƙaramar, Shatu, ba ta son hirgita."

"Ni hwa? Ta ce ta yahe min?"

Iklima ta sake saurara tun daga farko, har muryar ta yanke. Ta miƙa mata wayar.

"Ba ta taɓo zancen ga ba."

Ranar Litinin da aka kaɗa ƙararrawar hutun tara, yara suka kwaso a guje suka tarar Malama ta riga su. Tana tsaye a kusurwar gabas, takalmanta a ajiye can gefe a kan siminti, tafin ƙafarta a cikin rairayi mai zafi. Suka ja burki, suka yi layi a bayanta kamar yadda aka koya musu, suna kallon juna.

"Malama, mu hau?" wata yarinya ta tambaya.

Malama ta kai dubanta ga lilo. Lilon tsakiya yana ɗan motsi shi kaɗai, ƙarfensa yana kuka ƙasa-ƙasa. Ta miƙa hannu ta riƙe sarƙar har ya tsaya.