Sunan da Adda Ba Ta Faɗa

Tun daga sallamarsa Adda ta ji saurayin nan bai kwanta mata ba. Mutum ya taso daga Gumel a kan babur har Ɗanzomo, da ƙullin goro da sukari, ya durƙusa yana jera gaisuwa kamar mai neman aure, alhali 'yan matan gidan duk sun daɗe a ɗakunan mazajensu? Ta karɓi goron ta ajiye shi nesa da ita.

Ya ce sunansa Zayyad. Shi da abokansa suna zana katun, irin wanda yara ke kallo a waya. Sun samo tsofaffin kaset na Sarkin Noman Kwance, wasan barkwancin rediyon nan da a da ake barin tuwo ya huce saboda shi, na malalacin manomin da ke ba gero umarni daga kan tabarma. Muryar za su ɗora a kan zane.

Muryar kuwa ta marigayi mijinta ce. Sai dai ba a taɓa ambatar sunansa a rediyo ba, don mahaifinsa babban malami ne, da ya ji ɗansa na wasan kwaikwayo da ya sallama shi. Shi ya sa yakan ce zai kai wake Kano, ya je a ɗauki muryarsa, ya dawo shiru. Daga shi sai ita suka sani, sai abokin tafiyarsa Shehu, wanda duk aikinsa a wasan bai wuce kukan jaki ba.

"Alhaji Shehu na Gumel ya ce shi ne Sarkin Noman," in ji Zayyad. "Sunansa za mu sa a ƙarshen katun ɗin. Amma wani dattijo a kasuwar Maigatari ya ce in zo nan tukuna."

Adda ta ƙura masa ido. Wane dattijo? Ita dai ta san Shehu, mutumin da in ya ce maka ana ruwa sai ka leƙa waje.

"Shehun ne ya turo ka ka duba ko na rikice?"

"Wallahi, Adda..."

"Ajiye rantsuwar, ba a zo wurin ba."

Sai ya latsa wayar ya miƙa mata. Aka yi gyaran murya, irin wanda ta sha ji a bayan ɗaki da asuba, sannan: "Kai gero! In ka ga dama ka tsiro, ni dai na kwanta!" Kewa ta kama ta. Amma da ta dubi zanen sai ranta ya ɓaci: wani ƙato ne mai tumbi da tabarau, Shehu sak. Mijinta kuwa siriri ne kamar karan dawa. Wato jakin nan har fuska ya riga ya kwashe!

"Ba shi ba ne," ta ce. "Muryar mai gidan nan ce."

Zayyad ya saita wayar a fuskarta. "To ki faɗi sunansa, Adda. Alhaji ya faɗi nasa da bakinsa, abokaina sun gani. Sunan kam ko maƙwabta za su gaya mini, amma shaidarki ake so."

Ji wani rashin ta-ido! Mijinta na fari, auren saurayi da budurwa, a ce ta kama sunansa gatsau? Ko telan unguwa da suke suna ɗaya, mai sunan Malam take ce masa. Ta fara zargin tarko ne ma: a ɗauki tsohuwa tana abin kunya, a watsa, 'yan Gumel su sha dariya.

"Baban Balkisu," ta ce.

"Suna dai, Adda."

"Malam ƙarami."

Ya yi ɗan murmushi, ya sauke wayar. Nan ta gane shi ma zarginta yake yi. Yana ganin tsohuwa ce ta ji ana rabon suna, ta ce a ba mamacinta. Ya miƙe yana kaɗe gwiwar wandonsa, yana ba ta haƙuri a kan damunta da ya yi. In ya fita zauren nan, jikokinta za su girma suna dariya da muryar kakansu suna sa wa Shehu albarka.

"Tsaya," ta ce.

Ta jawo mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ta dubi ƙasa.

"Abdulbaƙi."

Sunan ya fito a shaƙe, don harshenta bai san hanyarsa ba. Ta ɗago kai ta sake faɗa, yadda wayar za ta ji: "Abdulbaƙi ne Sarkin Noman Kwance. Shehu jaki ne, ka ce ni na faɗa."

Sannan ta waiga ƙofar ɗakin marigayin, tana jiran ya ɗaga labule ya tambayi wanda ya koya mata rashin kunya. Labulen bai motsa ba.

Zayyad ya koma ya durƙusa.

"Sake kunna mini shi," in ji Adda, tana goge ido da bakin mayafi. "Amma ka kife wayar, kada in ga ƙaton nan."