Agogon Baba Mai Tuta

"Tsaya nan, 'yar nan! Sau sha bakwai na ce ki murɗa, ba sha takwas ba. So kike ki tsinka masa jijiya?"

Maƙwabciyarsa mai ɗinki ta tsaya cak a kan tsani, mabuɗin agogo a hannunta. A ƙasa, Baba Mai Tuta na zaune a kujerar roba, bargo a ƙafafunsa. Shekara talatin ya yi yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a wannan tasha. Da jirgi ya daina zuwa kowa ya watse, shi ya ƙi tafiya. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nata, kuma duk Laraba tana jin sa yana jan tsani zuwa ɗakin jiran fasinja, ya murɗa babban agogon bango. Yau ƙafa ta ƙi ɗaukarsa.

"Baba, ai gaba yake da minti biyar," ta ce. "In gyara?"

"Ki gyara me? Saboda masu nawa irinki nake barinsa haka. Mutum ya shigo da gudu, ya duba, gabansa ya faɗi, sai ya leƙa ya ga jirgi na nan yana jiransa. Ba wanda ya taɓa zagina a kai."

Ya yi dariya, tari ya ƙwace ta. Da ya lafa, ya kamo bakin zanenta.

"Alhamis ta sama masu adana kayan tarihi za su zo. Ko su riƙe ginin, ko a rushe a yi wurin ajiye motoci. In suka tarar da agogon nan a tsaye, cewa za su yi kango ne. Kwana bakwai yake ɗauka. Kada ki manta Laraba."

"Ba zan manta ba, Baba."

Ranar Talata da hantsi ta kai masa ruwan zafi, ta yi sallama sau uku. Yana kwance ta gefen taga mai kallon layin dogo, hular aikinsa a kan ƙirji. Ruwan ya huce a hannunta kafin ta iya kiran mutane.

Laraba ta ƙare a shimfiɗa wa masu ta'aziyya tabarmi da wanke kofuna, don ba shi da kowa kusa sai ita. Sai da gari ya waye Alhamis, tana naɗe bargonsa, mabuɗin ya faɗo ƙasa.

Ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Ɗakin jiran shiru, shirun da ba ta taɓa ji a cikinsa ba. Agogon ya tsaya a shida saura kwata. Ta jawo tsani ta hau tana kuka, tana ƙirgawa a fili, ta tsaya a sha bakwai. Ta duba wayarta ta daidaita hannayen. Har ta sa ƙafa za ta sauko, sai ta koma ta tura dogon hannun gaba kaɗan.

Ƙarfe goma jami'ar masu adana kayan tarihi ta iso da takardunta. Ta duba rufin da ke yoyo, ta shafa tagar sayar da tikiti, sannan ta ɗaga kai.

"Ikon Allah, yana aiki! Wa ke kula da shi?"

Mai ɗinki ta sunkuyar da kai. "Ni ce. Tun yau."

"To, gaba yake da minti biyar."

"Haka mai shi yake barinsa, ranki ya daɗe. Saboda waɗanda suka makara."

Jami'ar ta daɗe tana kallonta, sannan ta daɗe tana rubutu.

"Za mu riƙe ginin," ta ce. "Kada kowa ya gyara shi."

Da motar ta tafi, mai ɗinki ta ga kujerar robar tana nan inda suka bar ta, tana fuskantar bango. Ba ta zauna a kai ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ita, mabuɗin a cinyarta, agogon na bugawa a saman kansu.