Masai a Bakin Tafkin Gishiri

Saura kwana goma sha ɗaya a kare aikin ƙarshen zango gaban malamai Rekiya ta gane an yi mata sata. Ɗalibar jami'a ce a aji uku, sashen zanen gine-gine, kuma aikin da aka ba ajinsu gaba ɗaya shi ne su zana cibiyar dafa gishiri ta matan garin Keana, a bakin tafkin gishirinsu. Ita kuwa jikar Keana ce. Kakarta ta tsufa a gaban tukwanen gishiri, don haka ta san inda hayaƙi ke bi da inda mata ke shanya ƙasar gishiri. Wata biyu ta yi tana fama da zanen.

Ranar ta je wani shagon buga takardu a unguwar Bukan Sidi don ta tambayi kuɗin babbar takarda. Tana tsaye injin ya fara turo wani zane a hankali. Ta ga tsakar gida mai siffar ƙwarya, ta ga rumfunan nan bakwai da ta jera suna fuskantar gabas. Nata ne, layi bisa layi. A ƙasa kuwa an rubuta sunan Muhyiddin.

Muhyiddin shi ne shugaban ajinsu, teburinsa na jikin nata a situdiyo, ɗakin da suke zane. Shi take bar wa komfutarta duk lokacin da za ta je sallar azahar. Kuma a jerin masu gabatarwa shi ne na huɗu, ita ta ashirin da biyu. Idan ya riga ta nunawa, ita za a kira ɓarauniya.

Ta koma ɗaki, ta kwashe labarin ta faɗa wa Ngodoo, 'yar ƙabilar Tibi da suke ɗaki ɗaya.

"Abeg, tashi mu je wajen Malamin da ya ba ku aikin yanzu yanzu," in ji Ngodoo. "Wannan mutum ba shi da kunya. Ki nuna masa aikinki."

"Malam zai ce mu sasanta. Zai ce ai 'yan aji ɗaya ne, tunani ya zo ɗaya."

"To za ki bar shi?"

"Wa ya ce zan bar shi?"

Washegari ta shiga situdiyo da fara'arta. Ta gai da Muhyiddin, har ta miƙa masa mangwaro biyu daga cikin jakarta.

"Rekiya, yaya aiki? An kusa?" ya tambaya.

"Wallahi jiya na gano kurakurai da yawa a nawa. Da na buga shi haka da na sha kunya. Amma na gyara, yanzu ya zauna."

Ta ga yadda idonsa ya motsa. Da aka kira azahar ta bar komfutar a buɗe, da fayil a tsakiyar allo mai suna "gyararre na ƙarshe". Ta yi salla, ta zauna a masallaci ta ƙara minti ashirin tana kallon ruwan sama yana zuba daga indararo.

Abin da ke cikin fayil ɗin ta shirya shi da natsuwa irin ta mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta ɗauke ramin masai daga bayan gini ta dasa shi taku biyar daga tafkin gishiri, a saman gangare. Ginshiƙan ɗakin dahuwa ta mai da su ƙarfe tsirara. Matakalar bene kuma ta sa ta ƙare a ƙarƙashin wani bim, kankaren da ke tallafe rufi, wanda ko yaro sai ya sunkuya. Daga nesa zanen ya fi na farko kyau.

Sai kuma nata aikin. Ba za ta iya nuna tsohon ba, dole ta sake sabo cikin kwana goma. Ta yi ta yankan kwalin samfurin gini har wuƙa ta ci mata yatsa biyu, gam ya bushe a mayafinta. Ngodoo ce ke kawo mata abinci situdiyo. Duk sanda gajiya ta kama ta, sai ta ɗaga kai ta ga Muhyiddin yana manna samfurin gininsa yana fito, sai ƙarfi ya dawo mata.

Ranar kare aiki aka kawo baƙon alƙali daga Makurdi, wani dattijon akitet, masanin zanen gini, mai suna Iorliam. Muhyiddin ya fito cikin farar shadda, ya yi bayani da murya mai daɗi. Dattijon ya sa tabarau, ya matsa jikin zanen, ya bi shi da kallo layi bayan layi.

"Kai ka zana wannan da hannunka?"

"Ni ne, sa. Daga farko har ƙarshe."

"To zo ka nuna mini. Idan aka yi ruwa, ƙazantar wannan ramin ina za ta gangara?"

Muhyiddin ya bi yatsan dattijon da ido.

"Cikin gishirin da mutane za su ci," in ji Iorliam. "Waɗannan ƙarafan kuma, shekara nawa za su yi cikin tururin gishiri kafin rufin ya faɗo wa mata a ka? Wannan matakalar fa, wa zai hau ta, akuya?"

Wani ya fashe da dariya a baya, sauran suka bi. Gumi ya jiƙa shaddar. Rekiya na zaune a layi na biyu, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗauke ido daga fuskarsa ba har ya naɗe takardunsa.

Da nata lokacin ya zo, dattijon ya ce tunanin yana da kyau amma an ga alamar gaggawa a samfurin. Ta amsa da ladabi.

A bakin ƙofa Muhyiddin ya tare ta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ke kika yi mini wannan."

"Me na yi maka?"

"Kin sani. Maimaicin shekara guda za ki ja mini."

"Ai gaban kowa ka ce kai ka zana, daga farko har ƙarshe. Idan ba haka ba ne, ofishin shugaban sashe a buɗe yake. Mu je tare, in raka ka."

Ya tsaya yana kallonta. Ta ratsa ta gefensa ta wuce.

Bayan mako uku aka manna sakamako. Ɗalibai suka yi cincirindo a jikin allon, Ngodoo tana ja mata hannu tana cewa, "Kin samu B!" Rekiya ba ta duba nata ba tukuna. Ta bi jerin da yatsa har ta kai lamba ta huɗu, sunan Muhyiddin, ta ga F, ta karanta ta sau biyu. Sannan ta ce wa Ngodoo su je su ci abinci, yunwa take ji.