Lalle a Cikin Laka

Shekara uku ke nan Biba da Nuriyya suna ɗaki guda a Vaulx-en-Velin, kusa da Lyon a Faransa. Dangi na cewa ƙawayen fakulte ne, wato jami'a, su kuwa gadonsu ɗaya, kuma ba su taɓa gyara wa kowa zancen ba. Wasan da suke nuna wa jama'a ma ɗaya ne. A bakin kogin Rhône Nuriyya za ta tsaya da ɗaurin ƙirji, ita ce ƙasar da aka cika wa ciki da leda da guba, sai Biba ta bi ta da laka tun daga wuya har tafin ƙafa, a hankali, kamar mai rarrashi. Nasara su zuba ido, wata ma har da share hawaye. Biba dai ba hawayen kowa ne ya dame ta ba. Nan ne kaɗai take taɓa Nuriyya a gaban jama'a, ba mai cewa uffan.

Sai ga gayyata daga Paris, bikin wasannin mata masu kare muhalli. Madame Nadia, mai shirya bikin, ta dube su sama da ƙasa.

"Nuriyya, ke za ki tsaya. Shafa laka kuwa Yasmine za ta yi, ita ta yi karatun rawa. In abin ya yi kyau, garuruwa goma ke jiran ku."

"To ni fa, Madame?" in ji Biba.

"Ke ki kwaɓa lakar."

Yasmine ɗin nan doguwa ce, yatsu zara-zara, komai ta faɗa sai ta dafa kafaɗar mutum. Kwana biyu ana gwaji, Biba na riƙe da bokiti tana ƙirga dariyar Nuriyya.

"Yau sau tara kika yi mata dariya," Biba ta ce a cikin jirgin metro.

"Ke Biba, ki ji tsoron Allah. Cakulkuli take mini."

"Ni da nake shafawa ban taɓa jin kin yi ba."

"Ke ai kin san inda ba a taɓawa, sarkin kishi."

Ranar wasa, da hantsi, Biba ta zaro ƙullin lallen da gwaggonta ta aiko daga Damagaram, irin mai kamawa kamar sharri. Ta juye shi duka cikin lakar, ta matse lemun tsami uku. Bari mai karatun rawa ta yi sati biyu tana yawo a Paris da hannu ja kamar ta gama fiɗa.

Aka soma bayan azahar a bakin wata hanyar ruwa. Yasmine ta shafa, ta danna tafi a wuya, a kafaɗa, a gadon baya. Nuriyya ta tsaya cikin rana kusan awa biyu, lakar na bushewa a jikinta. Da aka kwara mata ruwan ƙarshe, sai wurin ya ɗauki "Oh là là!"

Nuriyya fara ce sol. Wannan ne Biba ta manta. Ga sawun hannun Yasmine nan jajur, yatsa biyar-biyar, kwance a jikin. Yasmine ta ɗaga nata tafin, shi ma ja, ta kama hannun Nuriyya, aka yi ta tafi, telehon ko'ina sama. Biba ta ji kamar ta faɗa ruwan.

Madame Nadia ta zo da gudu. "Ƙasa na zubar da jini! Wa ya yi wannan tunani? Wa?"

Nuriyya ta nuna Biba da haɓa. "Ita ce. Tun da aka buɗe bokitin na ji warin lallen Gwaggo."

Suna cikin jirgin ƙasa na TGV na komawa Lyon, har sun yi rabin hanya. Sannan Nuriyya ta zame gyalen wuyanta, ta juyo da sawun daidai fuskar Biba.

"Duba aikinki da kyau, chérie. Sati biyu za ki kwana da shi."

"Ki ce wa Madame ni zan riƙa shafawa."

"Na gaya mata. Ta ce hannun Yasmine ya fi fita a hoto. Ke kuma ba wanda ya iya kwaɓi irin naki, don haka garuruwa goman duka da ke za a je." Ta jingina kai a kafaɗar Biba, ta lumshe ido. "Ki kira Gwaggo ta ƙaro lalle."